Neman shawara kan safar hannu ta fata ga yaro mai cafe ƙwallon besbol

Baban Yara, Greensboro

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka san wasan besbol, da kuma waɗanda suka san fata ko da ba su taɓa kallon wasan ba. Ɗana na biyu shekararsa 13, kuma shi ne mai cafe ƙwallo a ƙungiyarsu, wato wanda yake durƙusawa a bayan mai bugu yana karɓar duk abin da mai jifa ya aiko. A bana sun bar ƙaramin fili, inda tazarar jifa ƙafa 46 ce, sun koma babban fili mai ƙafa 60 da inci 6, ga shi kuma abokan wasansa sun tasa, hannunsu ya yi nauyi. Safar da yake sawa tun yana ƙarami ta saki gaba ɗaya, har ta kai yana dawowa gida da babban yatsansa a kumbure. Mai horar da su ya ce lokaci ya yi da za a saya masa ta fata ta ƙwarai, in da hali wadda aka ɗinka da hannu.

Na shiga kanti na duba, na kuma leƙa intanet, sai na tarar masu suna suna farawa ne daga wajen dala 300, wasu har sun haura 400, kuma kusan kowane kamfani yana cewa tasa aikin hannu ce. Waɗanda na taɓa kuwa tauri gare su, ni kaina da ƙyar na iya rufe su. Ina son sanin girman da ya dace da yaro mai waɗannan shekaru, da fatar da ta fi, sannan ko wannan magana ta aikin hannu ta kai a biya mata irin wannan kuɗi, ko kuwa daɗin bakin 'yan kasuwa ne kawai. Allah ya saka da alheri.

Malamin Wasanni, Columbus

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka. Ina taimaka wa mai horar da ƙungiyar wata makarantar sakandare a nan Ohio, saboda haka zan taɓa batun girma da batun aikin hannu, in bar zancen fata ga masu ita.

Ana auna safofin sauran 'yan wasa ne da tsawo, amma ta mai cafewa da kewayenta ake auna ta, shi ya sa za ka ga an rubuta inci 32 ko 33 ko 34. Ƙananan yara kan sa mai inci 31 zuwa 32, manya kuwa yawanci daga 33 zuwa 34. Ga ɗan shekara 13 da ya shiga babban fili, mai inci 32 da rabi ita ce na fi ba da shawara, sai in hannunsa babba ne a ɗauki 33. Kada tunanin cewa zai girma ya cika ta ya sa ka ɗauki 34. Dokar wasan ta yarda a kai har inci 38 a kewaye da inci 15 da rabi daga sama zuwa ƙasa, amma kusan babu mai kusantar wannan iyaka. Asalin iyakar ma wata dabara ce ta jawo ta: a 1960 Paul Richards, manajan ƙungiyar Baltimore Orioles, ya sa aka ɗinka wata ƙatuwar safa da ta wuce inci 40, domin masu cafewarsa sun kasa riƙe jifan Hoyt Wilhelm, wanda ƙwallonsa ke tafiya tana rawa a iska ba ta juyawa. Bayan 'yan shekaru sai aka taka wa abin birki.

Dalilin da ya sa babba ba ta fi ba shi ne, aikin mai cafewa bai ƙare a cafewa ba. Idan mai gudu na abokan hamayya ya yunƙura daga zango na farko zai saci na biyu, wato ya ruga can ba tare da jiran a buga ƙwallo ba, dole yaron ya zaro ƙwallon daga cikin safa ya wurga ta nisan ƙafa 127, kuma ƙwararru suna gama wannan duka cikin kimanin daƙiƙa 2. Safa mai faɗi da zurfin kwarmi takan haɗiye ƙwallo, yaro ya tsaya yana lalube, mai gudu kuwa ya riga ya isa. Nauyinta kuma yana gajiyar da wuyan hannu, sai ka ga safar tana sunkuyawa ƙasa a ƙarshen wasa, alƙali yana ƙin amincewa da jifan da ya kamata ya amince da shi.

Batun aikin hannu kuwa, akwai gaskiya a ciki, akwai kuma talla. Duk safa mai kyau, ko ta wane kamfani ce, hanya kusan ɗaya take bi: a yanka fata da ƙarfen yanka mai siffar kowane ɓangare, ma'aikaci ya ɗinka ta a kan keke a juye, a birkito ta, a cusa mata ulu, sannan a ɗaure ta da igiyar fata da hannu, domin babu injin da ke yin wannan ɗaurin. Kamfanin Rawlings, wanda aka kafa a St. Louis tun 1887, yawancin manyan safofinsa a Filifin ake ɗinka su, kuma hannun mutane ne ke yi. To ka ga kalmar ita kaɗai ba ta raba wannan da waccan. Abin da kake biya wa kuɗi shi ne zaɓen fata, da kaurin igiya, da lokacin da gwani ya ɓata yana bugun safar yana fito mata da siffa kafin ta bar masana'anta.

Ka tafi da yaron kanti ya zura hannu da kansa. Ka lura ko ramin yatsunsa ya kama shi, da ko ɗaurin wuyan hannu yana matsewa har safar ta daina juyi. Ka duba kuma inda take lanƙwasawa, domin tun daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da masu cafewa Randy Hundley da Johnny Bench suka yaɗa cafewa da hannu ɗaya, safar mai cafewa ta zama mai gaɓa da ke rufewa, kuma gaɓar nan ce ya kamata ta dace da yadda yaron ke damƙa. In a intanet za ka saya, ka kula: idan an rubuta ta mai jifa da dama ce, to a hannun hagu ake sa ta. In ɗanka bahago ne sai ka yi haƙurin nema, domin safofinsu ba su da yawa. Rabon da bahago ya yi wannan aiki a babbar gasar Amurka tun Benny Distefano na Pittsburgh Pirates a 1989.

Jikan Dukawa, Bronx

Salamu alaikum. Malamin Wasanni ya ce a bar zancen fata ga masu ita, to ga mu. A gidan dukanci na tashi a Kano, kuma a nan New York ina gyaran jakunkuna da takalma, a lokacin bazara kuma yaran unguwa suna kawo mini safofinsu in sake musu igiya. Ban iya wasan ba, amma na kwance safofi da yawa na ga cikinsu.

Fata biyu ce ke kan gaba a wannan harka. Ta farko ita ce ta dandaƙaƙƙen sa, mai kauri da nauyi, wadda ke ɗaukar lokaci kafin ta yi laushi, amma in ta kama siffa ba ta saki da wuri. Ita ce a jikin Heart of the Hide na Rawlings, da A2000 na Wilson wadda aka fara fitarwa a 1957, da kuma CM3000 na All-Star da masu cafewa da yawa ke so, wadda a Japan aka jeme fatarta. Ta biyu ita ce ta ɗan maraƙin da ya tasa amma bai zama sa ba. Ƙwayar fuskarta ƙanana ce a matse, ta fi sauƙin nauyi, ta fi santsi, ta kuma fi tsada. Ita ce a jikin Pro Preferred na Rawlings. Ga yaron da zai riƙa tare ƙwallo a cikin ƙasa, yana jan safa a turɓaya, ana jefa ta cikin jaka tare da takalma masu ƙusa, ni ta fatar sa nake zaɓa. Bambancin da ke tsakaninsu ƙwararren da ke wasa kullum ne zai ji shi a hannunsa, ɗan shekara 13 ba zai ji ba, aljihun babansa ne kawai zai ji.

Akwai kuma fatar kangaru, mai ƙarfi ƙwarai idan aka gwada da rashin nauyinta, wadda kamfanin Nokona ya yi suna da ita, sai dai jihar Kalifoniya ta hana sayar da kayanta. Wani zai ce ina fatarmu ta jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can fatake ke bi da ita? Babu kamarta wajen bangon littafi da jaka da matashi, amma siririya ce mai miƙewa, ba a yi ta don ta tare dunƙulen da ya kai giram 145 yana zuwa a guje sau ɗari a yini ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman: wasu safofin yara masu araha da fatar alade ake yin su, kuma kamfanonin ba sa ɓoyewa, suna rubutawa a bayanin kayan. In babu takarda, ka dubi fuskar fatar da kyau, domin ta alade tana da ƙananan huji da ke zaune uku-uku. Manyan safofin da kake magana a kansu na shanu ne, amma yana da kyau a karanta har abin da aka shimfiɗa a ciki, inda tafin hannu ke taɓawa. Hukunci na malamai ne, ni dai na faɗi yadda ake ganewa.

In ka ɗauki safa a kanti, ka danna tafinta da babban yatsa. Fata mai kyau takan yi 'yan ƙananan tamoji ta koma yadda take, ka ga ƙwayarta a fili. Wadda aka goge samanta aka shafe da fenti kuwa tana ƙyalli kamar leda, kuma a nan take fara tsagewa. Daga nan ka koma kan igiya, wadda mutane ba sa kallo alhali ita ce ke fara mutuwa. Ka ja ta a saƙar da ke tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, domin nan ne ƙwallo ke dukan safa. In siririya ce, ko tana miƙewa, ko gefenta yana zubar da gari, to ajiye. Kyawun safa mai tsada shi ne, in igiya ta tsinke a sake ta, in ulun cikinta ya kwanta a buɗe a ƙara, jikin fatar yana nan. Mai araha kuwa in na kwance ta sau da yawa hujin igiyar ne ya yage, babu abin da zan ɗaura a kai.

Taurin da ya ba ka tsoro shi ne alamar lafiyarta. Hanyar laushi ita ce wasa da ita kullum, da bugun kwarmin da gudumar katako, kamar yadda masu bugu ke yi wa shadda, a hankali kuma a wuri ɗaya. In an gama a sa ƙwallo a ciki a ajiye ta a kife a inuwa. Mai kuwa kaɗan ake shafawa, irin wanda aka yi da lanolin na gashin tumaki, a yatsa ɗaya a murza ya bi jiki. Ban da man gyaɗa, ban da man shanu, ban da tsoma ta cikin kowane irin mai, domin fata tana sha ta yi nauyi ta kuma saki. Kada a sa ta a tanda ko a na'urar ɗumama abinci, kada a bar ta cikin mota a rana, kuma a nisanta ta da ruwa.

Maman Tagwaye, Dallas

Salamu alaikum. Malamai sun yi bayani mai gamsarwa, amma ku yi mini haƙuri in kawo ɓangaren masu biyan kuɗi, domin nawa biyu ne kuma dukkansu sun bi ta wannan wasa. Yaro ɗan shekara 13 yana tsakiyar girma ne. Hannun da aka gwada wa safa a bana ba shi ne zai sa ta baɗi ba, kuma babu tabbacin mai horarwa ba zai mayar da shi wani matsayi ba, inda wannan safa ba ta da amfani ko kaɗan, tunda a bayan mai bugu kaɗai ake sa ta. Akwai safofin fatar shanu na tsaka-tsaki da ba su kai rabin wancan farashi ba, suna zuwa da ɗan laushi, kuma suna iya kai yaro shekara biyu. In ya shiga sakandare ya tabbata a nan zai zauna, sai a saya masa babbar.

Na biyu, Baban Yara, kumburin yatsan nan shi ya fi damuna fiye da safar. Sabuwar safa mai tauri ba za ta warkar da shi ba, tana ma iya ƙara masa, domin yaron da ya kasa rufe safa ƙwallo na dukansa a inda bai shirya ba. Akwai ɗan abin kariya na roba da ake tausasawa a ruwan zafi a ɗora a babban yatsa ya kama siffarsa, kuɗinsa kaɗan ne, a saya masa tun yanzu. In kumburin ya ƙi sauka a kai shi likita ya duba jijiyar. Kuma in har ka yanke shawarar sayen mai tsadar, ka saya da kaka ko da hunturu, ya yi watanni yana laushinta a gida, kada a miƙa masa ita ana saura mako guda a fara gasa.

Tunda an ambaci Nokona, garin da suke, Nocona, yana nan arewacin Texas kusa da iyakar Oklahoma. Kamfanin ya fara da kayan fata a 1926, ya shiga ɗinkin safofi a 1934, gobara ta cinye masana'antar a 2006 suka sake tashi, kuma har yanzu a can suke ɗinki. In aikin hannun da mai horarwa yake nufi shi ne wanda aka yi a cikin Amurka, to su ne sunan da za ka fi ji. Kayansu na da kyau, amma shawarata ba ta canza ba.

Bakano a Osaka

Assalamu alaikum. Hajiya ta yi gaskiya kan yatsa, kuma ina goyon bayanta a nan. Zan ƙara da abin da ake yi a Japan, domin duk wanda ya zurfafa neman safar mai cafewa a intanet sai ya ci karo da kayan nan. Mizuno, wanda aka kafa a Osaka a 1906, yana da masana'anta a Haga cikin lardin Hyogo inda ake ɗinka manyan safofinsa, kuma a nan ƙasar ana sanin gwanayen da sunayensu, irin su Nobuyoshi Tsubota da ya yi wa shahararren ɗan wasa Ichiro Suzuki safofi. Akwai kuma Hatakeyama, kamfanin da sunansa ya fi fita a kan safar mai cafewa musamman. Yawancin irin tasu kwarminta bai kai zurfin na Amurka ba, domin a nan an fi ba da muhimmanci ga saurin zaro ƙwallo, abin da Malamin Wasanni ya yi bayani. Ramin yatsunsu kuma yakan zo a matse, wanda zai iya dacewa da hannun yaro.

Sai dai ga inda mai saye daga waje ke faɗawa rami. A Japan besbol iri biyu ake yi: akwai na ƙwallo mai tauri da aka lulluɓe da fata, irin wanda ɗanka ke bugawa, akwai kuma na ƙwallon roba, wanda yawancin yara da ƙungiyoyin ma'aikata ke yi. Kowanne da safarsa. A hoto kamanninsu ɗaya, tambarin kamfani ɗaya, amma ta ƙwallon roba fatarta da cikonta sun fi sirantaka, farashinta kuma ya fi sauƙi nesa. Wanda ya ga araha ya ɗauka, ya ba yaron da ke tare ƙwallo mai tauri, to yatsan da ake ƙoƙarin ceto shi zai fara biya. Dole a tabbatar an rubuta ta ƙwallo mai tauri ce. A haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan, a kuma tuna cewa mayar da ita in ba ta yi daidai ba wahala ce.

Malam Jikan Dukawa, ina da ɗan ja a kan ruwa. A nan akwai sananniyar hanya da kamfanin Kubota Slugger ya yaɗa ta hannun gwaninsa Shigetoshi Egashira na Fukuoka, inda ake tsoma sabuwar safa a ruwan ɗumi na ɗan lokaci kaɗan, a murza ta, a buga ta, a shanya a inuwa har ta bushe, sannan a shafa mai. Shagunan wasanni da yawa suna yi wa mai saye wannan aiki, kuma safar takan fito a shirye.

Jikan Dukawa, Bronx

Na karɓi gyara, ɗan'uwa, amma rabi. Majemi ma da ruwa yake aiki, kuma jiƙaƙƙiyar fata ta fi karɓar siffa, wannan babu musu. Sai dai wanda ya san zafin da ya dace, ya san lokacin cirewa, ya kuma san yadda zai mayar wa fata maiƙon da ruwa ya kwashe, shi ne ke cin ribar hanyar. Waɗanda ake kawo mini bayan an gwada a bahon wanka na gida, igiyarsu ta bushe tana karyewa, ulun ciki ya dunƙule, wasu har da wari saboda ba su bushe ta ciki ba. In akwai shagon da ya ƙware a Greensboro a kai musu. In babu, guduma da wasa sun isa.

Baban Yara, Greensboro

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na sayo abin kariyar yatsan, kuma za mu ga likita kafin ya koma fili. Mun je kanti da yaron ya gwada, mai inci 32 da rabi ta fatar sa ce ta zauna masa, 33 kuwa tana juyi a wuyan hannunsa. Mai horarwa ya tabbatar mini a wannan matsayi yake son ya ci gaba, saboda haka na karkata ga mai kyaun, amma zan jira ƙarshen kakar wasa kamar yadda kika ce, ya ƙarasa da aron ta abokinsa. Saura tambaya ɗaya ga Malam Jikan Dukawa: mai kantin ya ce suna da injin tururi da ke laushin safa nan take, kyauta ga wanda ya saya a wurinsu. In karɓa?

Jikan Dukawa, Bronx

Tunda za ka saya da sauran watanni a gaba, Malam, ka bar musu tururinsu. Yana laushi da sauri, amma laushin ko'ina yake yi, har da gefuna da diddigen safar da ake so su tsaya da ƙarfi don su kare yatsa. Ka ce dai su buga maka kwarmin da guduma a gabanka, ka ga inda suke bugu da yadda suke lanƙwasa gaɓar, sauran kuma yaron ya ƙarasa da hannunsa. In kuna da wurin da ake haya injin harba ƙwallo, ya je ya durƙusa a gabansa ya yi ta cafewa, a fara da gudu kaɗan a riƙa ƙarawa. Kuma kada ya ba kowa aronta a wannan lokaci, ko kai, domin siffar hannun da ya fara murza ta ita take kamawa.